Katin da Ya Kashe Malam Lawal

Shekara goma sha tara Victoria Yabo ta yi tana buga takardu a wani ɗan shago kusa da tashar Malumfashi, tun zamanin tafireta har kwamfuta ta zo. Katin biki, na suna, tsarin sujadar coci, duk ta hannunta suke bi. Mijinta ya rasu, gona ba ta da ita. Abin da ta mallaka shi ne shaidar da ake yi mata: Victoria ba ta kuskure. Da wannan shaidar ta ciyar da 'ya'ya uku.

Bana da kaka ta yi, aka sayar da masara da waken soya, sai aure ya ɓarke ta ko'ina, yatsunta suka gaji da maimaita magana ɗaya. A waya ta ga dabarar: a ajiye dogon rubutu a kwamfuta, a ba shi gajeren suna, da an buga sunan sai rubutun duka ya zubo. Ta ɗauko katin da ta gama, ta goge sunayen, ta ajiye sauran. Da ta buga gajeren sunan mai harafi uku ta ga gayyata ta fito cif, sai da ta tafa wa kanta. Ta manta uban angon wancan katin ya daɗe da rasuwa, kalmar "marigayi" kuma tana nan daram.

Kati ɗari uku ta buga wa Malam Lawal na Tsiga, mai aurar da ɗansa. Wanda ya karɓo bai ko duba ba, ai aikin Victoria ne.

Bayan kwana huɗu Malam Lawal ya tsaya a ƙofar shagon, ya miƙa mata kati ɗaya. Ta karanta: "Iyalan marigayi Malam Lawal." Ta sake karantawa, kalmar ba ta tafi ba.

"Ina gona ana casa aka ce gidana ya cika da masu ta'aziyya," in ji shi. "Har daga Dandume."

"Malam, ka yafe mini," ta ce da ƙyar. Ta san idan labarin nan ya zaga kasuwa, nata ya ƙare.

Ya zauna a benci.

"Malama, kin san wa ya fara isowa? Ƙanena Hussaini. Shekara goma sha ɗaya ba ma gaisawa saboda iyakar gona. Daga Funtua ya taho a babur, ko takalmi babu, yana kuka wai an binne ni ba a faɗa masa ba. Ya ɗago kai ya gan ni tsaye da ƙaiƙayi a gemu. Ni ban san zai yi mini kuka ba."



"Sake bugawa," ya ce. "Ki cire mutuwar, ki sa sunan Hussaini kusa da nawa."

Ta goge dabarar nan daga kwamfutar. Sunayen biyu harafi ɗaya-ɗaya ta buga su.