Kwaɗon Masara a Ƙasan Gidan Baffa

Duk lokacin da man shanu ya narke a kan masara mai zafi, aka matsa lemon tsami a kai, ba yunwa kaɗai ƙamshin yake tayar mini ba. Yana tayar da wani tsohon fushi da ban taɓa roƙon ya kwanta ba. Zauna in gaya maka inda ya samo asali.

Ina 'yar firamare muna zaune a Woodbridge, wani gari a ƙasar waje, a ɗakunan ƙasa na gidan Baffa, yayan mahaifina. Shi injiniya ne, ya daɗe a ƙasar, ya mallaki gida mai fili gaba da baya. Abba kuwa bai gama karatu ba, Umma tana aikin jinya, sai muka raɓe a ƙarƙashinsu, inda taga take daidai da doron ƙasa, ba abin da kake gani sai ciyawa. Ciyawar nan ita ce abin alfaharin Baffa. Duk Asabar sai ya fito da inji ya aske ta, ya tsaya ya riƙe ƙugu yana kallonta.

Kaka, mahaifiyar Umma, daga Zariya aka ɗauko ta renon ƙanena. Ba ta jin Turanci. Mu kuma muna jin Hausa, amma da Turanci muke amsa mata, ita kuwa ta yi kamar ba ta ji ba sai mun gyara baki. Lokacin sanyi a takure ta yi shi, ta zama kamar ba ita ba. Da ƙanƙara ta narke sai ta yi ƙawa, wata tsohuwa Ba'indiya a gidan da ke bayan namu, ita ma renon jikoki ya kawo ta. Ba yaren da ya haɗa su. Ta saman shinge suke hira, da hannu da dariya. Ita ce ta miƙo wa Kaka irin masara mai zaƙi, a ƙulle a leda.

Kaka ba ta shuka ba sai da ta nemi izinin matar Baffa, wadda muke kira Anti, ita kuma ta amince. A jikin shinge Kaka ta yi 'yan kunyoyinta, da cokalin miya ta tona ramukan. Ni ke ɗauko mata ruwa a galan. Na ga tsohuwar nan ta dawo da ranta a gaban idona. Da safe takan tsuguna ta yi wa masarar magana kamar 'ya'yanta. Zafi ya shigo, kara ya fi ni tsawo, masara ta yi goyo, gemunta ya fara duhu. Kaka takan matsa ƙwaya da farce ta ce, “Saura ƙiris, 'yar nan.”

Wata Asabar Baffa zai yi baƙi, abokan aikinsa za su zo gashin nama a bayan gida. Ƙarar inji ce ta fito da mu. Muka tarar ya sassare karan duka, ya bi ta kai da inji, ƙwayoyin da ba su gama nuna ba sun fantsama a jikin shinge kamar madara.

“Alhaji,” in ji Kaka, “kwana kaɗan fa suka rage ta nuna.”

Bai ko kashe injin ba. “Hajiya, nan ba ƙauye ba ne. Maƙwabta suna kallonmu. In masara kike so, ga ta can jibge a kanti.”

Kaka ta dube shi, ta dubi wurin, ta ce, “To.” Ta juya. Ni na san wannan “to” ɗin. Baffa ne bai san ta ba.

Da la'asar ƙawar Kaka ta zagayo ta ƙofar baya, karo na farko da ta taka gidanmu. Ta ga abin da ya faru daga tagarta. Ba ta yi jaje ba, don ba bakin yi. Leda ta ajiye a kicin ɗinmu, ta fito da fakitin masara ta firiza, ta zuba a tafasasshen ruwa. Kafin ta gama yanka albasa da tumatir da ɗanyen barkono ƙanana-ƙanana, masarar ta yi. Ta tsane ta, ta jefa man shanu tun tana tururi, ta juye kayan da ta yanka, ta barbaɗa gishiri da wani garin yaji nasu mai tsami-tsami da ake kira masala. Ta matsa lemon tsami, ta tsinka wani koren ganye mai ƙamshi a kai, ta gauraya. Ta nuna da hannu cewa haka ake sayar da shi a bakin titi a garinsu, a ɗan kofi, mutum yana tafe yana ci.

Kaka ta kai cokali baki, ta tauna. Can ta ce, “Ashe kwaɗo ne.” Ta buɗe jakarta ta ɗauko ƙuli-ƙulin da ta zo da shi daga gida, ta daka, ta watsa a kai. Ba'indiyar ta ɗanɗana ta kaɗa kai irin nasu. A sama ana ta dariya da hayaƙin nama, mu a ƙasa muna cin abin da ya fi nasu.

Shekarar nan azumi a tsakiyar zafi ya faɗo, rana ba ta faɗuwa sai mutum ya galabaita. Gidan duka tare muke buɗe baki a falon sama. Baffa yakan dawo daga cunkoson babbar hanya leɓensa a bushe. Daidai lokacin Kaka take narka man shanunta, ƙamshi ya bi matakala ya cika gidan. Ta hau da babban kwano na kwaɗon masarar, ta zauna, ta fara rabo. Ta ba Abba, ta ba Umma, ta ba Anti, ta ba 'ya'yan Baffa ɗaya bayan ɗaya tana sa musu albarka. Idan ta zo kan Baffa sai ta rufe kwano.

Ka san dai a wurinmu ko baƙon da ba ka sani ba, in ya same ka kana ci, sai ka ce masa bismillah. Kaka ta hana mai gida wannan kalma har azumi ya ƙare. Shi kuma girma ya hana shi tambaya. Yana tauna dabino, 'ya'yansa suna lashe cokali suna neman ƙari. Ina kallon maƙogwaronsa yana hawa yana sauka, daɗi yana ratsa ni.

Umma ta yi ta roƙo. “Inna, don Allah ki duba. A gidansa muke. Watan yafiya ne.”

“Ya nema ne na hana?” in ji Kaka.

Bai nema ba. Ran Sallah gida ya cika da 'yan uwa da abokai daga garuruwan Springfield da Laurel, likitoci da malamai da matansu. Kwaɗon Kaka ya riga kaza ƙarewa, mata suna tambayar yadda ake yi. Ina jin Baffa ya ɗauka idon jama'a zai ɗaure ta, sai ya ɗaga murya yana murmushi.

“Hajiya, yau dai Sallah ce. Ina nawa rabon?”

“Ai na ajiye maka, Alhaji.”

Ta sauka ƙasa da kanta, ta dawo da kwanon tangaran mai murfi, wanda ake ba manyan baƙi, ta miƙa masa hannu biyu. Ya buɗe. Ciyawa ce, koriya shar, yankan safiyar nan, an jera mata yankakken lemon tsami a kai.

“Daga gonarka ce,” ta ce. “Na ga ita ka fi so.”

Wani dattijo ya yi tari don ya danne dariya, ta ƙi dannuwa, sai kowa ya ɓarke. Baffa ya mayar da murfin a hankali, ya tashi ya haye sama. Bai sauko ba har baƙi suka watse.

Abin bai tafi a banza ba. Kafin ganye ya gama zubewa a shekarar, Baffa ya ce yana bukatar ɗakunansa. Muka koma Laurel, wani ɗan gida a bene na uku, kusa da layin dogo, ba ko tafin hannu na ƙasa. Na canza makaranta, na rasa ƙawayena. Kaka ta rasa tata, sun rabu a bakin shinge suna riƙe da hannun juna. Abba ya daɗe ba ya sakin fuska. Amma ranar da muke kwashe kaya na tambayi Kaka ko ta yi nadama, sai ta ce, “Lemon ne kawai na yi asara.”

Ta koma Zariya bayan ƙanena ya shiga makaranta, can Allah ya karɓi abarsa. Yanzu ni ke yin kwaɗon, kafin ruwan shayi ya tafasa na gama, sai dai ƙuli-ƙulin kanti ba ya kama ƙafar nata. Dangi sun ce komai ya wuce. Yau rigima ba ta kwana, a waya ake turo ban haƙuri da hoton fure, kowa ya ce ba komai. Baffa ma ya yi ritaya ya koma gida, ya sayi gona a hanyar Kaduna. Duk damina sai ya turo hotonsa a zauren dangi na waya, tsaye a tsakiyar masara, da malafa, yana washe baki. Kowa ya bi layi yana rubuta Masha Allah. In ya kira ina gaishe shi da ladabi, kamar yadda aka koya mini. Amma a ƙarƙashin hoton nan, har yau ban rubuta ko harafi ɗaya ba.