Addu'ar da Talatu Ta Riƙe

Talatu 'yar Zonkwa ce, kuma 'yar Katolika tun tana goye. Aikin unguwarzoma ne ya kawo ta Haɗeja tana budurwa, da niyyar ta ɗan taɓa ta nemi canjin wurin aiki. Ga shi furfura ta same ta a garin. Yaran da ta yanke wa cibi yanzu su ke jan babur mai ƙafa uku, sukan tsaya mata ko ba ta ɗaga hannu ba.

A nan ta haɗu da Bitrus, mutumin Filato, malamin gona mai zagaya masu noman shinkafa a fadamar Auyo. Shi ɗan cocin ECWA ne, irin wanda ko gaisuwa za a yi sai ya kawo aya. Dangi suka ce auren ba zai yi ƙarko ba sai ɗaya ya bi ɗaya. Babu wanda ya bi wani. Ran Lahadi kowa ya nufi cocinsa, da rana su haɗu a kan tuwo da miyar kifi, sai a buɗe musu.

Sun yi shi a kan Maryamu, a kan baftismar jarirai, a kan furta zunubi a gaban Fada, limamin Katolika. Ba a taɓa jin zagi ba. Bitrus kafin ya ba da amsa sai ya maimaita abin da ta faɗa, ya tambaye ta ko haka take nufi. In ta ce a'a, ya sake. Maƙwabciyarsu Iya Falmata mai bandar kifi takan leƙo ta katanga ta ce, "Malam, ka bar baiwar Allah ta ci tuwonta mana! Ku ba ku gajiya?"

Musun da ya fi daɗewa shi ne na yi wa matattu addu'a. Bitrus ya ce wanda ya mutu cikin Yesu ya riga ya isa, jinin Yesu ya wanke shi tas, roƙon na baya ba ya ƙara masa komai. Talatu ta ce shi kansa in ya dawo daga fadama, gidansa ne ba mai korarsa, amma sai ya wanke taɓon ƙafarsa kafin ya hau tabarma, kuma ita ke miƙo masa ruwan. Ya yi dariya ya ce, "Maman Grace, in na riga ki, kada ki wahalar da gwiwarki a kaina."

Ya kuwa riga ta. Hawan jini ne, ana cikin yankan shinkafa. Aka kai shi garinsu aka binne, ta dawo Haɗeja karɓar gaisuwa.

Mutanen cocinsa suka zo suna cewa, "Ya tafi gida, Ubangiji ya ta'azantar da ku." Manoman Auyo kuwa suka cika ƙofar gida da babura, kowa ya durƙusa sai ya ce, "Allah ya jiƙan Malam Bitrus, Allah ya gafarta masa." Ita da ta yi shekaru tana kare wannan addu'a, sai ta ji "na gode" kawai take iya cewa.

Ba bangaskiyarta ce ta girgiza ba. Gani take in ta durƙusa ta roƙa masa, ta ci musu ke nan a kan mutumin da ba ya nan balle ya rama. In kuma ta yi shiru, ta bar shi a bakin ƙofa ba ruwa. Watan Nuwamba ya zo, lokacin da Katolika ke tuna waɗanda suka rigaye su. Ta ambaci uwarta, ta ambaci ƙanenta, ta zo kan sunan Bitrus ta tsallake. Ta rame. Matan zumunta na cocinsu suka ce ta yi abinta, wa zai hana ta? Ba wannan take son ji ba. Mai ce mata a'a da hujja take nema, kuma gidan ba kowa.

Wata safiya ta tafi wurin Gideon, aminin Bitrus, tsohon malamin firamare kuma dattijo a cocinsu. Ta same shi yana gyaran kujera a tsakar gida. Matarsa ta kawo kunu.

"Baba Gideon, musu na zo yi."

"Ni? Ai wanda ya fi ni ma kin gajiyar da shi."

"Shi ya sa na zo wurin na biyu."

Ta zayyana masa. Ya ajiye guduma ya ce mata gaskiyarsa ba kwana: su ba sa roƙa wa mamaci. Ɓarawon da aka gicciye tare da Yesu ma a ranar aka karɓe shi, ba a ce ya jira ba.

"Wannan ai a kan gungumen ya sha nasa wankan," in ji ta. "Bitrus a kan katifa ya mutu, da taurin kansa cif."

Gideon ya yi dariya har da share ido. Sannan ya ce, "Ba zan ce miki yana bukata ba, don ban yarda ba. Amma ki daina cewa kin ci shi. Mutumin nan ya san wadda ya aura. Abin da zan iya, in gode wa Allah dominsa. Wannan muna yi."

"To ka gode, ni in roƙa."

"Amma ki sani, ba zan ce amin a kan taki ba."

"Da ka ce, da na san ƙarya kake."

Suka sunkuyar da kai. Gideon ya gode wa Allah saboda Bitrus, saboda gonakin da ya taka da bakinsa da ba ya ɓoye magana. Talatu ta ce amin. Sai ta zame daga kujera ta dafa ƙasa, gwiwar na ƙara, ta kira sunan mijinta cikakke. Ta roƙa a yafe masa abin da ya rage, a ba shi hutawa.

Gideon bai buɗe ido ba, bai kuma motsa ba, hularsa na kan gwiwa. Da ta kai ƙarshe ta ɗan saurara. Tsakar gidan tsit. Ta ce amin ita kaɗai, da ƙarfi, sannan ta miƙa wa matar Gideon hannu ta tashe ta.