Kwat ɗin Malam Tanimu

Duk wanda ya zauna a unguwar Setapak ta Kuala Lumpur a shekarunmu na karatu ya san kwat ɗin nan. Baƙa ce, mai kauri kamar katifa, da gashi a wuya. Malam Tanimu ya saye ta a gwanjo a Kano da ya samu gurbin digiri na uku, don an gaya masa ƙasar waje sanyi ake yi. Ni na je tarbarsa filin jirgi, tunda gida ɗaya za mu zauna. Da muka fito zafin Kuala Lumpur ya mare shi, na ce ya cire mana. Ya share gumi, ya dube ni sama da ƙasa.

"Bashir, ni ban yi kuskure ba. Garin ne ya yi."

Shekara uku yana maimaita wannan magana. Kullum kwat tana jikinsa ko a kafaɗarsa, a jirgin ƙasa, a aji, har masallacin Juma'a. Na yi rarrashi, na yi tsiya, na taɓa ɓoye ta a bayan firji. Kwana biyu bai yi min magana ba.

Sai daga baya na gano dalili. Ranar da zai taso, 'yarsa Hanan mai shekara shida ta sa shi ya yi alkawarin aiko mata hotonsa a tsaye kan ƙanƙara, sanye da kwat ɗin. Malam kuwa mutum ne da in ya ce zai yi, ko sama da ƙasa za su haɗe sai ya yi. Kuɗin zuwa ƙasar sanyi dai babu, ƙarya kuma ba ya yi.

Ya fara da dabara. A shagon mamak, wato na Musulmin Indiya, da muke cin abinci a unguwar Taman Melati, inda yake zaro yajinsa daga aljihun kwat ya barbaɗa wa komai, ya sa aka kawo masa ƙanƙarar nan da ake gurzawa a zuba mata madara da jan wake. Ya kai fuskarsa kusa da ita, ya ce in ɗauki hoto in tura mata. Wallahi kunya ta kama ni, duk shagon mu ake kallo. Amsar Hanan ba ta ɓata lokaci ba: "Baba, wannan ai a kwano take." Malam ya barbaɗa wa ƙanƙarar yaji, ya cinye.

A shagon ne wata la'asar muka tarar talabijin na nuna wasannin hunturu na duniya. Wasu manyan Turawa sun tura dutse kan ƙanƙara, biyu na binsa suna gogar ƙasa da buroshi kamar ransu zai fita. Malam ya ajiye cokali. Ya tambaye ni sau uku ko da gaske lambar zinare ake ba su. Ya ce shi shekara goma sha biyu yana share masallacin unguwarsu, ko dabino ba a taɓa ba shi ba. Mai kawo abinci, wani dattijo ɗan Indiya da ya saba da mu, ya yi dariya ya ce ai akwai filin ƙanƙara a cikin wani babban kanti a garin nan. "Boleh lah, boss," in ji shi, wato zai yiwu, oga.

Na so a ce bai faɗa ba.

Ranar Asabar muka je. Mutum mai shekara hamsin da 'yan kai, da hawan jini, ya ɗaura takalmi mai wuƙa a ƙasa, kaftani a ciki, kwat a sama, hula zanna a ka. Taku ɗaya ya zube. Ya tashi, ya sake zubewa, hular ta yi nata wuri. Na roƙe shi ya riƙe ƙarfen gefe in ɗauka a haka. Ya ce alkawarin tsayuwa ya yi, ba jingina ba. A faɗuwa ta bakwai leɓensa ya fashe, na ce mu tafi, na fasa. Ya goge jinin da hannun kwat, ya miƙe, ya saki ƙarfen. Ya tsaya kamar ƙiftawar ido uku, na danna. Yana ƙasa ya ɗago kai ya ce min, "Ka ga yau garin ya gyara kuskurensa."

Wata biyar da komawarsa gida aka bugo min cewa ya faɗi a ofis, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Na daɗe riƙe da wayar ban gane me ake faɗa ba.

Da na je gaisuwa Kano, Hanan ta kawo min hoton a firam. Ta ce, "Kawu, da gaske garinku akwai sanyi haka?" Na dubi kumburarren leɓen nan da murmushinsa a hoton. Na ce mata ranar dai an yi sanyi sosai.

Allah ya jiƙan Malam Tanimu, ya yafe masa, ya raya Hanan da 'yan'uwanta. Ya sha zafi saboda alkawari. Ya Allah, ka sanyaya masa makwancinsa.