Na Allah Mai Yi wa Rayayyu Ta'aziyya

Ban san iyakar sau nawa Na Allah ya yi zaman makokina ba. Muna zaune a tabarma ɗaya, kafaɗata tana gugar tasa, sai in ji ya sassauta murya ya ce, "Allah ya jiƙan Sanda tela. Mutumin kirki ne, sai dai bai taɓa gama ɗinki ranar da ya yi alkawari ba." A cikin wasan waya ne aka kashe ni, shi kuma ya tsaya a kan gawata yana yi wa jama'a bayani. Yau ga shi ni ne na rage ina ba da labarinsa, kuma wannan karon ba wanda zai tashi.

Tare muka girma a Maijirgi, ƙofar gidansu na kallon tamu. Tare aka sa mu lakwal, makarantar boko, tare muka bar ta. Ni na kama keken ɗinki, shi ya gaji amalanken jakin ubansa, yana kai wa mutane hatsi da gujiya kasuwar Tasawa. Abin da aka fi saninsa da shi shi ne ba ya wuce makoki. In ya hango tabarmi a ƙofar wani gida da mutane zaune jugum, ko a wane ƙauye ne, ko bai san mamacin ba, sai ya ɗaure jaki ya tuɓe takalma ya je ya gaishe su. Masu kaya suka yi mita har suka gaji. Aka riƙa cewa wanda ya ɗora wa Na Allah kaya ya roƙi Allah kada kowa ya mutu a kan hanya. Jakin ma ya koya. Da ya ga taro a tabarma sai ya ja ya tsaya da kansa, ko da ƴan dara ne.

Sai ciwon suga ya kama shi. Wani ɗan gyambo a yatsa ya ƙi warkewa, har aka kai shi Maradi aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Ya dawo da sanduna biyu, waɗanda ba su da amfani a rairayin garinmu, don nutsewa suke yi. Jaki ya koma hannun ƙanensa. Matarsa Hawwa ta ce mini ba ciwon ne ya fi cin ransa ba. In aka yi rasuwa a wata unguwa ya ji mutane suna wucewa ta bayan danga, sai ya juya fuskarsa bango, ranar ko fura ba ya sha.

Ni na kai masa wasan. Mu dai Fage muke ce masa. Ƙasa ce babba a cikin waya, da garuruwa da rijiyoyi da ganuwa, mutane daga ko'ina suna shiga, kowa da ɗan mutumin da yake juyawa. Ana haɗa ekip, wato ƙungiya, ana magana da juna ta murya, ana yaƙi a kan ganuwa. In an kashe ka kayanka su zube a ƙasa, ka ɗan jira kaɗan ka sake fitowa a bakin rijiya. Ekip ɗinmu yawanci ƴan Tasawa da Mayahi ne, mafi yawa ba mu taɓa ganin juna ba. Shef ɗinmu, wato shugaban ekip, Abdulaziz ne, ɗan Issawane, mai zafin rai da saurin baki. Na roƙe shi ya ba abokina gurbi, ya ba shi.

Sharaɗi ɗaya Na Allah ya kafa mini. "Kada ka faɗa musu zancen ƙafa. In suka sani za su riƙa lallaɓa ni kamar ƙwai. A nan gida ma na gaji da sannu."

Kowa a Fage jarumi yake zaɓa, mai sulke da takobi. Na Allah ya zaɓi wani tsoho mai sanda, wanda aikinsa kai wa mayaƙa magani. Ya raɗa masa suna Mai Unguwa. Da ya shiga wasa sai ya sauya murya, ta koma ta dattijo mai goro a baki, kuma daga nan har ya fita ba ya amsa sunan Na Allah.

Ranar farko aka kai hari wani gida na abokan gaba. Kowa ya haura katanga, shi ya zagaya ta ƙofa ya tsaya. Muka ji shi yana cewa, "Salamu alaikum, masu gida." Suka amsa masa da kibiya.

"Wane ne wanga?" in ji Abdulaziz. "Sanda, mi ka kawo mana?"

"Yaro," in ji Mai Unguwa daga bakin rijiya, "gidan mutane ne. Ko akwai iyali a ciki."

Ba ya gudu, sai tafiyar ƙasaita, wai mai unguwa ba ya gudu. Ba ya ɗaukar kayan wanda aka kashe, wai kayan gado ne, akwai magada. In na ekip ɗinmu ne sai ya tattara su ya yi gadi har mai su ya dawo, ya miƙa masa ya ce, "Ga abin da marigayi ya bari, kai ne mafi kusa da shi." Babbar matsalar kuwa ita ce ta'aziyya. Duk wanda ya faɗi a gabansa sai ya zaunar da tsohon nan kusa da gawar, ya yi addu'a, ya faɗi halin mamaci, alhali mamacin yana ji, yana gudu daga rijiya yana neman magani.

"Allah ya jiƙan Abdulaziz. Yaro ne mai ƙoƙari, sai gaggawa."

"Baba, ina raye. Ga ni nan bayanka. Ka daina yi mini mugun fata, ka ba ni magani."

"Har muryarsa nake ji. Haka sabon rashi yake."

Da shi kaɗai ne da abin ya zo da sauƙi. Amma abin ya yaɗu. Yunana, wani manomi Kirista daga Hawandawaki, ya ajiye takobinsa ya ce shi ne mai gina kabari na unguwa. Wasu biyu suka zama dattawan fada. Wata rana Yunana ya tambaye shi, "Mai Unguwa, ni in na faɗi ya za ka yi da ni?" Ya ce, "Zan zauna, in ba mutanenka haƙuri. Makokin da ban zauna ba shi ne wanda ban ji labarinsa ba." Ekip ta rabu biyu, masu son labari da masu son ci, wato nasara. Masu son ci suka ce megansu na intanet suke ƙonawa, ba su zo kallon wasan kwaikwayo ba. Masu labari suka ce in duk gudu da sara ne, gara mutum ya je ya yi sassabe.

Ni dai abin da na sani shi ne, da la'asar ta yi Na Allah yana wanke fuska ya sa hula, ya sa Hawwa ta fitar masa da tabarma zaure inda rezo, wato sabis ɗin waya, ya fi kamawa. Ya koma cin tuwo har da neman ƙari. Wannan gurbin shi ne kasuwarsa, shi ne hanyarsa ta Tasawa.

Wata Juma'a aka yi babban yaƙi a kan wata ganuwa da muka daɗe muna riƙe da ita. Abdulaziz ya faɗi daidai bakin ƙofa. Maimakon Mai Unguwa ya kai wa sauran magani, sai ya zauna. Yunana ya zo ya zauna. Dattawan fada suka zo suka zauna. Abokan gaba suka shigo suka tarar da taro a zaune, suka bi ta kansu suka wuce. Ganuwa ta tafi.

Bayan wasa Abdulaziz ya yi magana, ba da faɗa ba, abin da ya fi ba ni tsoro. "Baba, zaɓi ɗaya. Ko ka bar ta'aziyya sai an gama yaƙi, ko in ba wani gurbinka."

"Ta'aziyya da zafinta ake yi, yaro. In ta huce ta zama hira."

Sunansa ya ɓace daga ekip a gaban idona.

Ana iya shiga Fage ba ekip, amma ba mai jin muryarka. Ya gwada sau ɗaya, ya zaga da tsohonsa cikin daji, ya kashe wayar ya tura ta ƙarƙashin matashi. Tabarma ta daina fita zaure. Na ce masa, "Ka bar ni in gaya wa yaron nan gaskiya, wallahi yau zai mai da kai." Ya harare ni. "In ka faɗa, ko ka mutu ba ni zuwa."

Ana nan sai Abdulaziz ya yi shiru kwana biyu. Sannan ya rubuto wa ekip cewa babansa ya rasu. Mutane suka tura masa ƴan hotunan nan na hannu biyu a haɗe da fuska mai hawaye. Wani ya tambaya wa zai ja mu yaƙin Juma'a. Da na kai wa Na Allah labari sai ya dafa bango ya tashi zaune.

"Moton Jaji tana da esansi a tanki?"

Na ce, "Issawane fa ba nan kusa ba ce. Kuma wanda ya kore ka?"

"Shi ya kore ni, ba ubansa ba. Hawwa, auno gero."

Da safe maƙwabcinmu Jaji ya ɗauke ni a bayan moto, wato babur, da ɗaurin gero da goro a cinyata. Rairayi ya kayar da mu, muka tashi muka kaɗe riga muka ci gaba, sai bayan azahar muka isa. Na tambayi gidan rasuwa aka nuna mini wata rumfar zana. Abdulaziz da nake zaton wani ƙato ne, ashe siririn saurayi ne, idanunsa sun yi ja. Na gaishe da dattawa, na matsa kusa da shi na ce, "Ni ne Sanda tela. Mai Unguwa ya aiko ni."

Ya daɗe yana kallona da kallon geron. Na kira Na Allah na miƙa masa wayar. Wannan karon ba muryar tsoho ya yi ba, tasa ce ta gaske. Ban ji duk abin da ya ce ba. Na dai ji ya tambayi sunan marigayin da sana'arsa, da ko ya yi jinya, ya saurara har yaron ya gama ba da labarin ubansa da garken awakinsa. Abdulaziz ya rufe fuska da hannun riga.

Da zan tafi ya rako ni. "To shi sarkin makoki, mi ya hana shi zuwa da kansa?"

"Ya ce mai unguwa wakili yake aikawa."

Ya yi ɗan murmushi. "Har a nan ma?"

Bayan sadakar bakwai sai ga gayyata ta shigo wayar Na Allah. Bai nuna murna ba, ya dai ce Hawwa ta nemo masa hula. Yana shiga Abdulaziz ya ce, "Baba, ka yi ta'aziyyarka, amma gajeriya." Ya ce, "Gajeriya ai ta baƙo ce." Suka ci gaba daga inda suka tsaya. Ba wanda ya sauya hali. Muka ci wasu yaƙoƙi, muka sha kashi a wasu, sau da yawa ma a zaune.

Da daminar bara ciwon ya taso masa gaba ɗaya. Bai daɗe yana jinya ba. Ya cika wata safiya, ana yayyafi, Hawwa na riƙe da kansa. Mutanen da suka zo jana'izarsa daga ƙauyukan hanyar Tasawa, rabinsu ban san su ba. Kowa ka tambaya sai ya ce, ai ya zo mana lokacin da tsohonmu ya rasu.

Ranar sadakar uku Yunana ya iso da amalanke, Abdulaziz kuma a kan moto, laka har gwiwa. Bayan sun yi gaisuwa na shigar da su zaure su sha ruwa. Sandunan suna nan jingine a kusurwa, da takalmi wari guda. Abdulaziz ya dube su, ya dube ni.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin ka san shi."

Ya zauna a ƙasa. Can ya ce, "Shi ne yake ce mini mai unguwa ba ya gudu." Ya fara dariya, dariyar ta karye masa a wuya. Yunana ya dafa shi, muka yi ta yi mu uku, dariya da kuka. Kafin ya tafi ya bar mini yadi in ɗinka masa riga.

Na daɗe ban shiga Fage ba. Da na koma na tarar da sunan Mai Unguwa yana nan a cikin ekip. Yunana ya ce masu son ci sun kawo wani gwani a sa shi a gurbin, shef ya ce gurbin da mai shi.

Ranar hannuna ya yi nauyi, tun farkon yaƙi aka sare ni. Ina jiran in fito a rijiya sai na ga jarumin Abdulaziz ya wuce gawata a guje, ya ja birki, ya dawo. Ya zauna. Ya yi gyaran murya.

"Allah ya jiƙan Sanda tela," ya ce. "Mutumin kirki ne. Ya tafi da rigata bai ɗinka ba."

Bai rufe baki ba kibiya ta same shi a wuya, ya kife a kaina.

"To," in ji Yunana, yana tahowa a hankali, "ku matsa mini in zauna. Yau biyu gare mu."