Disket Mai Sunayen Manoman Citta

Ƙarfe sha ɗaya da minti ashirin na safiyar wata Talata na karɓi disket ɗin, ƙaramin faifan ajiya na kwamfuta, daga hannunta. Na san lokacin daidai saboda ni ce mai rubuta littafin shiga ɗakin kwamfuta, kuma sai na duba agogo nake rubutawa.

Wata ƙaramar makarantar koyon kwamfuta ce a saman bene a Kafanchan, kusa da tashar jirgin ƙasa, a tsakiyar shekarun casa'in. Kwamfuta ɗaya ce kawai mai babban rumbun ajiya, kuma komai a cikinta yake: ayyukanmu, da tambayoyin jarrabawar da Malam ke shiryawa da amsoshinsu. Ganin ba ni da surutu, Malam ya ba ni makullin ɗakin, ya kuma ɗora mini aiki. Duk furogiram ɗin da ɗalibi ya rubuta, sai na karanta shi layi bayan layi kafin a kunna. Ya rubuta mini jerin umarnin da aka haramta, irin masu gogewa da masu kwafa da masu buɗe fayil ɗin wani. Na zauna da littafin harshen kwamfutar da muke koyo na ƙara guda huɗu da ya manta. Na ji daɗin kaina ranar.

Mai disket ɗin ƙawata ce, 'yar Kachia, ita kaɗai ta iya sa ni dariya a cikin aji. Duk sanda ta je gida sai ta kawo wa mahaifiyata busasshiyar citta a ƙulle cikin leda.

"Malama ƙarama," ta ce, "duba mini da sauri, yunwa za ta kashe ni kafin ki gama ƙirga waƙafi."

"Sai na karanta duka."

"Karanta mana. Har addu'a ki yi masa."

Furogiram ɗinta layi talatin ne. Yana buɗe wani fayil mai sunayen manoman citta na ƙauyensu, ya jera su, ya buga. Babu ko ɗaya daga cikin umarnin da aka hana. Akwai layi guda da ke cewa a ɗauki abin da ke gurbin ƙarshe na layin kowane suna a aiwatar. Harshen da muke koyo ya yarda da haka: rubutu zalla kan iya zama umarni yayin da furogiram ke tafiya. Mukan yi amfani da dabarar wajen zaɓar yadda za a jera sunaye, don haka na wuce. Fayil ɗin sunayen ban buɗe ba. Sunaye ne kawai, me zan nema a ciki? Na kwafe duka biyun cikin kwamfutar kamar yadda doka ta ce, na kunna, sunaye suka fito, ta karɓi abinta ta tafi cin shinkafa.

Bayan mako biyu muka yi jarrabawa. A takardar amsoshin Malam akwai kuskure a tambaya ta shida, sai ga ɗalibai bakwai sun kawo wannan kuskuren daidai da nasa. Mai makarantar ya kira ni ofis. Ya ce makulli biyu ne, na Malam da nawa. Ya ba ni kwana uku in nuna yadda aka yi, in ba haka ba in tafi babu takardar shaida. Na tsaya ina kallon tabon shayi a kan teburinsa.

Kwana biyu ina sake karanta kowane furogiram, Malam na zaune a bayana. Ƙawata kuwa tana kawo mini ƙosai, tana cewa Allah zai tona asirin mugu. A rana ta uku, da abin karantawa ya ƙare, na fara buɗe fayilolin sunaye. Manomi na arba'in da ɗaya ba shi da ƙauye. A gurbin ƙarshe na layinsa an rubuta umarnin kwafe fayil ɗin jarrabawa zuwa disket. Da hannuna na kunna shi.

Malam ya daɗe yana kallo. Ya ce a irin wannan harshe karatu ba ya tsare komai, tunda furogiram na iya samo umarninsa bayan an gama duba shi. Abin da ya kamata shi ne kada furogiram ya tarar da abin ɗauka. A ranar ya kwashe tambayoyinsa zuwa disket ya sa a aljihu. Ba a kore ni ba, amma mai makarantar ya karɓe makullin a gaban aji. Ƙawata aka kora.

Na same ta a tashar motar Kachia, tana zaune cikin mota, jakarta a kan cinya. Na tsaya a bakin tagar motar har kwandasta ya fara hararata, sannan na ce mata:

"Me ya sa ta hannuna? Kin ga saura kaɗan a kore ni."

Ta gyara ɗankwalinta, ba ta kalle ni ba.

"Ke ba za su kore ki ba, na sani," ta ce. "Shi ya sa na zaɓe ki."