Kilo Sittin da Biyar

Jirgin saman ya iso unguwar Kudai a Makka cikin akwatuna huɗu na katako, ni kuma ko guduma ban iya riƙewa ba. Wannan ita ce gaskiyar da ban taɓa faɗa wa abokan tashina ba. Na koyi tuƙi, na samu lasisi, ina iya karanta littafin haɗa jirgin, amma hannuna na sa hannu a takarda ne. Warshar gyaran bas-bas da mahaifina ya bar mini da hannun wasu take tafiya, kuma a cikin hannayen nan babu kamar na Kawu.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni a unguwar Utaibiyya ta nan Makka aka haife ni, da takardun ƙasa tun ina zanen goyo. Shi kuwa umara ya zo daga Katsina yana saurayi, ya ga yayarsa, ya ga aiki, ya zauna. Shekara talatin da ɗoriya ba shi da iƙama ta izinin zama, ba shi da ko ƙyallen takarda mai ɗauke da sunansa. Duniyarsa ta tsaya tsakanin ɗakinsa da warsha da Harami. In aka ce jami'an jawazat, masu kula da shige da fice, na kame a unguwa, sai ya sauka ramin da ake duba ƙasan mota, ya zauna da kofin shayinsa har ƙura ta lafa. Ƙato ne, mai tumbi, mai son shinkafar bukhari da kitsen rago. Ba ya kirana da suna, Mudir, wato manaja, yake ce mini kamar sauran ma'aikata, ban kuma taɓa hana shi ba.

Shekara biyu muka yi muna haɗa jirgin a lungun baya na warshar. Na ce muka, amma ni karatu nake yi ina juya masa da Hausa gauraye da Larabci, shi yana aiki. Dubban ƙusoshi ya dasa a gangar jikin jirgin nan, kowace sai ya rufe ido ya shafa kanta da yatsa, in ta karkace ya huda ya sake. Duk noti mai muhimmanci sai ya ɗaure shi da siririyar waya, ya murɗa ta yadda ko girgizar inji ba za ta kwance shi ba. In na ce ya isa haka, sai ya dube ni ta saman tabarau.

"Mudir, mota in ta lalace gefen titi take tsayawa. Wannan ina gefen titinsa?"

Kujera biyu ce da jirgin, kafaɗa da kafaɗa, ta hagu ta matuƙi. Ta dama kuwa daidai tsawon ƙafarsa Kawu ya kafa ta, ban lura ba sai wata la'asar da na tarar da shi zaune a ciki yana shan shayi, jirgin ko fukafukai ba a ɗaura masa ba.

"Ranar da za mu tashi, nan ne wurina ko?"

"Wa zai zauna in ba kai ba, Kawu?" na ce masa.

Romon baka ne, kuma na sani tun ban rufe baki ba. Ƙaramin jirgi ba ya tashi a sararin Makka. Filin da muke tashi can yake cikin hamada, sai an wuce shingen binciken da ke bakin gari, a ƙofar filin ma sai ka nuna katinka. In aka kama shi a motata, shi tarhil za a yi masa, a mayar da shi ƙasar da ya bari babu kowa nasa a ciki, ni kuma lasisina da warshata su shiga uku. Magana ce ta minti biyu. Na kasa yin ta, domin ina tsoron hannunsa ya yi sanyi a kan aikina.

Mafita ta zo mini ranar awo. Kafin jirgi ya fara tashi sai an ɗora tayoyinsa uku a kan sikeli uku, a san nauyinsa da inda nauyin ya rinjaya, sannan a lissafa abin da zai iya ɗauka. A zafin ƙasar nan iska ba ta da kauri, jirgi yakan ci fili kafin ya ɗaga, don haka ba a yi wa lissafin wasa. Muka cire nauyin jirgin, muka cire na mai, muka cire nawa, kilo casa'in da takwas. Abin da ya rage wa kujerar dama sittin da biyar ne. Don raha na ce Kawu ya hau sikelin. Tamanin da ɗaya.

Na yi dariya har da dukan cinya, ma'aikata suka taya ni.

"Ka gani, Kawu, ba ni na hana ka ba, bukhari ce. Ranar da ka kai sittin da biyar, halas, ka hau mu tafi."

Bai yi dariya ba. Ya ɗauki alli ya rubuta 81 a bango. Ni kuwa na ji sanyi a raina, don na tabbata mutumin da ke sa cokali a kitse ba zai sauke kilo goma sha shida ba har ya koma ga Allah. Shi ya yi lissafin da hannunsa, ya san duk kilon da na rage a jikina nasa ne. Bai taɓa ɗaga maganar ba, ni ma ban rage ko loma ɗaya ba.

Dokar gwaji ta ce tashin farko matuƙi shi kaɗai ne, daga baya a riƙa ɗora buhun yashi a madadin fasinja. Kawu ya ɗinka buhun da kansa daga tamfal ɗin bas, ya auna yashi sittin da biyar cif, ya yi masa maɗauri don kada ya zame ya danne sandar tuƙi. Na ja jirgin a tirela zuwa fili, ya tashi lafiya lau kamar ba hannun mutum ya yi shi ba. Abokai suka rungume ni suna yaba aikina, na karɓi yabon ban ambaci Kawu ba. Da na dawo na nuna masa bidiyo a waya, ya kalla sau uku a tsaye. A warsha kuwa aka laƙaba wa buhun suna Kawu Ƙarami. Ni na fara faɗa. Ina fita da safe sai in ce, "Kawu, za mu shaƙata da ƙaninka, akwai saƙo?"

Ya daina cin shinkafa. Ya kama azumin Litinin da Alhamis, ya ƙara da na kwana ukun tsakiyar wata. Motar da ke kawo shi aiki ya bar ta, yana takowa da ƙafa bayan asuba. Kowace Alhamis kafin a tashi aiki sai ya cire takalmi ya hau sikelin tayar gaba, ya ƙara lamba a bango. Watanni uku na farko da ƙyar ya sauke kilo huɗu, ina ta tsokanarsa. Daga nan sai lambobin suka fara gudu. Wandonsa ya koma ɗaurewa da waya, wuyansa ya fito. Gorar ruwa ba ta barin hannunsa, yana sha yana zaryar bayi, ga wani ciwo a ɗan yatsan ƙafarsa da ya ƙi warkewa. Ma'aikata na cewa masha Allah, Kawu ya zama saurayi.

Hajiya mahaifiyata ce kaɗai ba ta ce masha Allah ba. Wata Juma'a bayan ya tashi daga cin abinci a gidanta, bai ci komai ba sai ruwan da ya shanye jug biyu, ta tsare ni a falo.

"Wannan ramar ba ta azumi ba ce. Haka babanmu ya yi. Ka kai shi a duba jininsa."

"Hajiya, himma ce. Jirgi yake so ya hau."

"To kai ka rage naka tumbin mana, in da gaske ɗaukarsa za ka yi."

Na ji zafin maganar, don ta taɓa inda ke yi mini ciwo. Na ce mata asibiti sai da takarda. Ƙarya ce. Akwai likitocin da za su duba shi ba su tambayi komai ba, na san ƙofar biyu daga cikinsu. Abin da ke raina shi ne lambar bango, da ranar da za ta kai inda na ce, da abin da zan faɗa a ranar. Haushinsa nake ji, wallahi, kamar da gangan yake ramewa don ya kunyata ni.

Da ya kai sittin da takwas sai na samo dabara. Dama ina son in riƙa kaiwa garin Yanbu in dawo ba tare da na sauka shan mai ba. Na nemi izinin gyara, na sayo ƙarin tanki, kuma wuri ɗaya ne zai zauna ba tare da ya ɓata daidaiton jirgin ba. Fukafukan ana cire su, don haka na jawo jirgin zuwa Kudai kamar yadda na saba in za a yi masa aiki, tunda ban yarda da hannun kowa ba sai na Kawu. Na ajiye tankin a ofis cikin kwalinsa, na yi mako biyu ina jan ƙafa.

Ranar Alhamis ya leƙo ofis ba takalmi a ƙafarsa.

"Mudir, zo ka gani da idonka."

Na bi shi. Ya hau sikelin yana dafa bango, sannan ya saki bangon. Sittin da biyar har da ɗan ragi. Ya juyo yana murmushi, haƙoransa sun yi wa fuskar yawa. Ma'aikata suka taru suna tafi. A gabansu na faɗa, don na san a gaban mutane ba zai yi mini musu ba.

"Mabruk, Kawu. Sai dai akwai gyaran da za a yi. Kujerar nan za a cire, tanki za a sa a wurin."

Tafin ya tsaya. Kawu ya sauko daga sikelin a hankali, ya sa takalminsa ɗaya bayan ɗaya.

"Lita nawa yake ci?"

"Tamanin."

Ya ɗan rufe ido yana motsa leɓe.

"Da mai da tanki, sittin da huɗu ke nan. Ashe ya fi ni cancanta da kilo ɗaya." Ya miƙo hannu. "Kawo littafin, ka karanta mini."

Da ya zage ni da na samu sauƙi. Kwana tara ya yi yana aikin. Da hannunsa ya kwance notunan kujerar, ya naɗe ta a leda ya jingine a bango ƙarƙashin lambobinsa. Ya kafa tankin, ya ja bututun nesa da duk inda zai goga, ya cika shi ya bar shi kwana biyu yana shafa kowace mahaɗa da farin ƙyalle ko zai ga digo. Ya sake ɗora jirgin a sikeli uku, ya sake lissafi, ya sa na maimaita masa yadda zan juya makunnin mai daga wannan tanki zuwa wancan har sau goma. Ƙarfinsa ya ragu, amma wayar da ya murɗa ba ta nuna ba. Da ya gama ya ce, "Allah ya tsare hanya, Mudir." Bai ƙara hawa sikeli ba, ramar kuma ba ta tsaya ba.

Bayan wata biyu ya faɗi a bakin ramin duba mota da rana tsaka. A ranar na kai shi wurin likitan da na san ƙofarsa tun tuni. Ya duba ƙafar, ya duba jinin, ya tambaye ni tun yaushe, na ce ban sani ba. Suga ce, ta riga ta cinye abin da za ta ci. Kwana shida ya yi. Takarda ta farko da aka taɓa bugawa da sunansa a ƙasar nan ita ce ta izinin binne shi, ni na yi zaryar karɓo ta. Hajiya ba ta yi mini faɗa ba, ta dai daina tambayata ko na ci abinci.

An yi masa salla a Harami bayan la'asar. Da aka ɗaga makarar ni ne a gaba ta dama, ana sauri kamar yadda ake yi a nan. Watannin da na yi ina ɗaga buhun yashin nan sun koya wa kafaɗata awo, kuma ba ta nemi izinina ba. Mutane na kabbara da addu'a, ni kuwa kaina na lissafi, na ninka abin da ke kafaɗata sau huɗu, na cire nauyin katako. Bai kai hamsin da biyar ba. Da shi da jakarsa da gorar ruwansa, duk da jirgin ya ɗauka.

Tankin yana nan, ko sau ɗaya bai taɓa yoyo ba. Kafin kowane tashi akwai takardar nauyi da ake cikewa, kuma har yau ba a sake mata tsari ba. A gurbin da aka rubuta fasinja nake sa sittin da huɗu, in sa hannu a ƙasa.