Zuwa Kano Neman Muryar Baba

Duk tsawon shekarun da na yi riƙe da alli, abin da nake koya wa yara shi ne dalilai uku ne ke fitar da ɗan Adam daga garinsu: neman ilimi, neman arziki, da sauke farali. A kan waɗannan aka kafa birane, aka keta sahara, aka ƙera jiragen ruwa. Sai da na ajiye alli na gano akwai na huɗu, wanda bai gaza sauran daraja ba, wato neman sifika mai kyau.

Ga yadda abin ya faro. Mahaifinmu ya rasu tun ban shiga makaranta ba. Bai bar hoto ba, kuma ban riƙe komai nasa ba sai inuwar wani dogon mutum a bakin zaure. Da Inna ta rasu muka sami wani kaset a akwatinta, wanda ta sha gaya mana cewa an ɗauke shi ranar da Baba ya sayo rakoda, aka zauna a zaure ana gwadawa. A wani shago a Gyallesu, nan Zariya, aka juye mini shi a waya. Amma in ka kunna, abin da za ka ji shi ne shuuu, sai can ƙasa wata murya kamar ta wanda ya faɗa rijiya yana ba da labari. Yayata, Yaya Asabe, ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka san Baba da wayonsu. Idonta ya tafi, ƙarfinta ma yana bin sa a hankali. Na kara mata wayar a kunne, ta saurara, ta ce ita dai suyar ƙosai take ji. Daga baya ta ce, ba tare da ta juyo ba, da so samu ne ta ji muryarsa ko sau ɗaya kafin ta je ta same shi.

Abokina Malam Lawal, wanda muka koyar tare kafin ya koma Kano, shi ya ba ni labarin wasu ƙananan sifiku da ba sa buƙatar igiya tsakaninsu da waya, kuma injin ƙara sautinsu yana cikin cikinsu. Ya ce in zo in ji da kunnena.

Daga Tudun Wada zuwa Kwanar Ɗangora

Ana sallame Asuba na leƙa ɗakin Yaya na yi mata sallama. Ta ce, “Ɗanlami, kada ka zubar da fanshonka saboda maganar tsohuwa.” Na ce ai nima tsohon ne, sai mu raba laifin.

Keke ya kai ni Kwangila gari bai gama wayewa ba. Na sami ƙaramar mota saura mutum ɗaya, na zama shi. Direban saurayi ne mai fara'a, ya ƙure kiɗa da wata sifika da ta yage tun ba yau ba, ta yadda duk bugun ganga sai ka ji kamar an taka gwangwani. Na tambaye shi ko yana gane abin da mawaƙin ke cewa. Ya ce ai ba don ya gane ya kunna ba, don kada ya yi barci ne. Na ce to Allah ya ƙara mata yagewa.

Mun wuce Hunƙuyi da Tashar Yari ba tsayawa, gonakin masara kore shar hagu da dama. A Kwanar Ɗangora muka tsaya, na sha shayi da burodi da wainar ƙwai, mai shayin yana ta ba ni haƙuri kan tsadar sukari kamar shi ya sa ta.

Kano, Kasuwar Sabon Gari

Bayan mun wuce shinkafar Kadawa da Kura, hantsi ya yi muka shiga Kano. Malam Lawal na jira na a tasha, ya ƙara ƙiba, ya rage gashi. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “Hedimasta, yanzu kai da ka hana yara kiɗa a makaranta, kai ne ka zo sayen kayan kiɗa?”

Kafin ya kai ni inda ya nufa, na nace sai mun bi layin masu sifika, don mai bincike ba ya tsayawa kan littafi ɗaya. A nan na ga yadda ake cinikin. Ba da kunne ake auna sifika a wannan layi ba, da ƙirji ake aunawa. Mai shago zai jawo wata mai tsayin yaro ɗan firamare, da fitilu masu juyawa, ya ɗora ledar ruwa a kanta, ya murɗa har ƙarshe. In ledar ta yi rawa ta faɗo, kaya sun yi kyau. Maƙwabcinsa kuma ba zai yarda a fi shi ba, sai ya murɗa tasa. Ciniki duk da hannu ake yi, kamar a makarantar kurame.

Na roƙi wani mai shago ya sa mini abin da ke wayata. Ya haɗa, ya murɗa. Suyar ƙosan nan ta zama ruwan sama a kan kwano, muryar kuwa ta nutse gaba ɗaya. Ya kashe, ya dube ni da tausayi, ya ce kayansa lafiya lau suke, kaset ɗina ne ba shi da lafiya. Ya ƙara da cewa in biki ne gare ni, wannan za ta tashi unguwa guda. Na ce mutum ɗaya nake son ta tasa, shi ma ba daga barci ba.

Shagon da ke saman bene

Malam Lawal ya ja ni muka hau wani bene a bayan kasuwa. Mai shagon sunansa Emeka, haifaffen Sabon Gari, Hausarsa ta fi ta wasu ɗalibaina. Abu na farko da ya yi ya ba ni mamaki: rufe ƙofa ya yi. Hayaniyar kasuwa ta koma can nesa. Ya ajiye kujera a tsakiyar ɗaki ya ce in zauna, kada in matsa hagu ko dama.

A kan kanta akwai akwatuna biyu na katako, kowanne bai fi babban ƙamus ba. Ba fitila, ba ado. Ya ce wuta kawai suke so daga bango, sautin kuwa ta iska zai zo daga waya. A raina na ce an kawo ni kallon kayan wasan yara.

Ya fara sa wani kiɗan gurmi, a hankali, ƙasa da yadda mutum ke magana. Jama'a, na karanta bayanin yadda sauti ke tafiya, na ma zana shi a allo da layuka masu lanƙwasa, amma ban taɓa sanin haka abin yake ba. Akwatunan suka ɓace. Makaɗin yana zaune a tsakaninsu, ɗan gaba kaɗan, inda babu komai sai bango. Ina jin yatsansa na goga tsirkiya kafin ta yi ƙara. Ina jin sa'ad da ya ja numfashi. Har na juya in ga ko akwai wata sifika a ɓoye, Emeka ya yi dariya ya ce kowa sai ya juya.

Sannan na miƙa masa wayata. Na gaya masa abin da ke ciki. Ya rage wani maɓalli na sautin sama, ya kunna, ya koma bakin ƙofa ya tsaya.

Shuuu ɗin yana nan, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma ya ja baya, kamar an ɗage labule an bar shi a gefe. Bayan labulen kuwa ga zaure. Ga zakara can nesa. Ga sakan wata mata a cikin gida, taɓarya na sauka ɗaya bayan ɗaya. Ga kuma murya, cikakkiya, mai kauri, ta mutumin da ya ƙoshi da lafiya, yana cewa ruwan bana ya yi jinkiri, dawa za ta yi tsada, sannan ya tambaya ko da gaske wannan akwatin zai maimaita duk abin da ya faɗa. Ya yi dariya. Dariyar ta cika ɗakin Emeka, ta wuce shekara hamsin ta same ni a kan kujerar roba.

Ban san lokacin da na cire tabarau ba. Da abin ya ƙare na ce wa Malam Lawal, ya ji yadda Baba yake jan ƙarshen magana? Ashe a nan na gado. Ya gyaɗa kai, shi ma idonsa ya kaɗa, amma bai fasa hali ba. Ya ce, “Na ji. Har yadda yake bayani ba wanda ya tambaye shi, duk kai ne.”

Maganar kuɗi

Emeka bai ɓoye aibin kayansa ba. Ya ce ba za su girgiza ƙirji ba, ba za su yi biki ba, in aka fita da su tsakar gida rabin daɗin ya tafi. Ba su da batir, in ba wuta sai haƙuri. Na ce muna da 'yar sola da ke riƙe fanka. Ya ce ta isa.

Da ya faɗi farashi sai da na sake zama. Ya ninka na doguwar nan mai fitilu, ya kusa cinye fanshon wata biyu. Malam Lawal ya shiga ciniki da salon Kanawa, ya yi fushi, ya kama ƙofa, ya dawo, ya ambaci zumuncin da ke tsakaninsa da Emeka tun daga kakanni. Aka rage abin da aka rage. Muna saukowa yana ta mita, wai na ba da kuɗin rago a kan abin da ko akuya ba zai firgita ba. Ni kuwa lissafina daban: doguwar tana sayar maka da ƙara, ƙara kuwa kyauta ake samunta a Kano. Waɗannan abin da ke cikin sautin suke miƙo maka, ba ƙari ba ragi. Ban taɓa sayen abu na ji na cuci mai shi ba sai ranar.

A gidan Malam Lawal na kwana, bayan maiɗakinsa ta cika ni da tuwon shinkafa da miyar taushe.

Komowa

Da safe a tasha direba ya so ya cusa kwalin sifikun a but ɗin mota, ƙarƙashin buhun albasa. Na ƙi. Na rungume shi a cinya tun daga Kano har Zariya, ƙafafuna suka mutu tun kafin Ciromawa. Wata hajiya da ke gefena ta tambaya ko magani ne a ciki. Na ce kusan haka.

A wani shinge jami'i ya leƙo, ya gaishe ni da ladabi, ya tambayi abin da ke kwalin. Na ce sifika. Ya ɗaga, ya ji nauyi, ya duba ƙanƙantarsa, ya ce, “Allah ya sa ba a cuce ka ba, Baba.” Na ce amin.

Azahar ta yi muna Kwangila. Keke ya sauke ni a ƙofar gida lafiya, ba abin da ya fashe, ba abin da ya ɓace. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Ina gode wa Malam Lawal da iyalinsa, da Emeka da ya san darajar rufe ƙofa, da direbobin nan biyu da ba su yi barci ba.

Ɗakin Yaya

Sai da aka yi La'asar, gida ya lafa, na shiga da sifikun. Na ɗora ɗaya a kan akwati, ɗaya a kan kujera, na gyara wa Yaya zama a tsakiya kamar yadda aka yi mini. Na ce ta shirya. Na kunna.

Zakara ya yi cara. Taɓarya ta sauka. Yaya ta ɗaga kai, ta ce wannan sakan Inna ne, ba mai yin sa haka sai ita. Sannan muryar ta shigo, da maganar ruwa da tsadar dawa. Ina kallon fuskarta. Ta karkata kai, sai na ga murmushi, murmushin ya zama dariya, har tana riƙe ciki.

“Ɗanlami, wannan ai Sallau mahauci ne.”

Na ce wane Sallau?

“Maƙwabcinmu na jikin masallaci. Shi ne ba ya ganin taro ya yi shiru. Baba ina ya ga wannan surutu? Shi yana can yana danna rakodarsa.”

Na zauna a bakin gado. Sallau ya ci gaba da bayani, tas, kamar yana ɗakin. Ban kashe ba, don ban san me zan yi in na kashe ba. Ana dab da ƙarshe Yaya ta ɗaga hannu, dariyar ta ɗauke. Ta ce in mayar baya kaɗan. Na mayar. Ta ce in ƙara. Ta nuna wajen sifikar hagu da yatsa, ta riƙe numfashi, na riƙe nawa.

“Ka ji shi nan,” in ji ta, a hankali. “Allah ya jiƙan Baba.”

Ta sa na maimaita mata wurin har aka kira Magariba, tana share ido da gefen mayafi. Sifikun sun fito da shi sarai, kusa da rakoda, ɗan hagu da Sallau.

Tari ne ya yi, guda ɗaya.